Sharhi: Gyara da Sabunta Tsarin Ba da Wuta a Tsofaffin Motocin Gudu na Ingila

Tsakanin shekarun 1960 da 1980 masana'antun Ingila sun ƙera wasu ƙananan motoci masu kujeru biyu domin gudu da nishaɗi, waɗanda har yau masu sha'awa ke adanawa suna hawa, irin su Jaguar E-Type da ta fito a 1961, da Triumph TR6, da MGB wadda aka riƙa haɗawa a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Kusan dukkansu da kayan lantarkin kamfanin Lucas na birnin Birmingham suka fito, kuma babban abin da masu su ke kuka da shi shi ne tsarin ba da wuta, wato jerin na'urorin da ke samar da tartsatsin da ke kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda.

Asalin wannan tsari ƙirƙirar Charles Kettering ne, injiniya ɗan Amurka, wanda kamfanin Cadillac ya fara sa wa motocinsa a 1910, kuma shi ne dai makanikan Kaduna da Kano suka ƙware a kai ta hanyar Fijo 504 da tsohuwar Landirba. Wutar batir mai ƙarfin bolt 12 takan shiga kwayil, wato naɗin waya guda biyu da ke kan ƙarfe ɗaya, ta bi ta kontak, wasu 'yan leɓɓan ƙarfe biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiribuita. A duk lokacin da leɓɓan suka rabu, wutar takan yanke farat ɗaya, sai kwayil ya tunzura ta haura bolt dubu goma sha biyar, sannan rota, ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfin distiribuita, ya raba ta ga fulogogi bisa jeri, wanda a injin MGB shi ne 1, 3, 4, 2. Aikin kondensa kuwa shi ne shanye wutar da za ta yi tsalle tsakanin leɓɓan ta ƙone su.

Raunin tsarin yana cikin gogayya. Ɗan dunduniyar roba da ke buɗe kontak yakan cinye a hankali, tazarar leɓɓan ta ragu daga wajen milimita 0.38 da kamfani ya ƙayyade, saboda haka wuta ta riƙa zuwa a makare, mota ta yi nauyi kuma ta ƙara shan mai. Wanda ya ɗaga murfi ya duba da kyau yakan ga leɓe ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi ɗan tsiro, ko kuma ya ga wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir a cikin murfin, wanda shi ne hanyar da wuta ta samu tana zurarewa.

Ƙa'idar bincike ita ce a bi wutar daga tushe zuwa ƙarshe, ba a yi ta sauya kaya bisa zato ba. Da farko a tabbatar cewa wuta tana isa kwayil idan an murɗa makulli. Daga nan a haɗa ƙaramin ƙwan gwaji tsakanin jikin injin da bakin kwayil mai zuwa distiribuita, domin idan ƙwan yana ƙyaftawa yayin da ake tayar da injin, to kontak yana aiki, idan kuwa ya tsaya a kunne ko a mace, to laifin yana cikin distiribuita, inda sau da yawa wata siririyar waya ke tsinkewa a cikin rigarta ba tare da an gani ba. Bayan haka a zare babbar wayar tsakiya daga murfi, a riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da jikin injin, a ga ko tartsatsin shuɗi ne mai ƙara. Idan akwai wuta a nan amma babu ita a fulogi, to rota ne ko murfi. Motar da ke mutuwa idan ta yi zafi, ta kuma tashi bayan ta huce, kwayil ko kondensa ko rota ya kamata a fara tuhuma kafin a taɓa kafireta.

Game da sabuntawa, hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce cire kontak da kondensa a sa na'urar lantarki da ba ta da gogayya, kamar ta Pertronix mai aiki da maganaɗisu ko ta Lumenition mai aiki da haske, yayin da kamfanin 123ignition na ƙasar Holan ke sayar da cikakkiyar distiribuita. Ribar ita ce lokacin ba da wuta ya daina gocewa, amma ƙarin ƙarfin injin kaɗan ne. Na'urar da ake sa wa a madadin kontak ba ta gyara ƙarafan cikin distiribuita da ke gaggauta wuta idan gudu ya ƙaru, matuƙar sun cije ko sifirin ɗinsu ya saki. Haka kuma dole a lura cewa motocin MGB da aka yi kafin ƙarshen 1967 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikinsu, saɓanin motocin yau, kuma kwayil iri biyu ne, mai om 3 da mai om 1.5, om kuwa shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta. Wanda ya haɗa su ba daidai ba yakan ƙone sabuwar na'urar nan take, garin neman ƙiba ya samo rama.

Saboda haka ya kamata masu waɗannan motoci da masu gyaransu su fara daidaita tsohon tsarin har injin ya yi aiki sumul, sannan su sabunta, kuma su ajiye kontak da kondensa a cikin mota, domin su ana iya gyara su a bakin hanya, na'urar lantarki kuwa idan ta mutu sai dai a sayi wata.