Idon Baƙo Da Mutuncin Ƙasa

Tun da aka buga littafin hotunan nan mai suna The Americans, watau Amurkawa, ra'ayin mutane ya rabu a kansa, kuma gardamar ta wuce maganar hoto, ta kai ga tambayar ko mai nuna aibin ƙasa maƙiyinta ne.

Mai littafin, Robert Frank, baƙo ne a Amurka. An haife shi a Zurich ta ƙasar Suwizalan cikin 1924, ya sauka New York cikin 1947. Cikin 1955 da 1956 ya zaga ƙasar a tsohuwar mota da taimakon kuɗin Gidauniyar Guggenheim, ya ɗauki hotuna kimanin 27,000, ya zaɓi 83 kacal. A jihar Arkansas har 'yan sanda suka tsare shi, don harshensa da kamanninsa na baƙi sun sa sun zarge shi da leƙen asiri. Aka fara buga littafin a Faransa cikin 1958, sa'an nan a Amurka cikin 1959.

Masu suka ba su ɓata lokaci ba. Mujallar Popular Photography ta kushe hotunan da cewa sun yi duhu, sun karkace, ba su fita sosai ba. Waɗansu kuwa suka ce baƙo ne ya ci arzikin ƙasa ya saka mata da ƙiyayya. Lalle akwai abin dubawa cikin maganarsu, gama wanda ya tsamo 83 daga cikin dubbai ra'ayinsa ne ya yi zaɓen, kuma Amurka ta zamanin tana da wadata da fara'ar da littafin bai ba su wuri mai yawa ba.

Amma fa gani ya kori ji. Hoton bangon bugun Amurka ya nuna motar haya mai bin dogo a New Orleans, Turawa a kujerun gaba, baƙar fata a baya, kowa na leƙowa ta tagarsa. An ɗauke shi 'yan makonni kafin a kama Rosa Parks a Montgomery ran 1 ga Disamba 1955, saboda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera. Frank bai tsara zaman nan ba, doka ce ta tsara shi, kuma sai cikin 1964 dokar ƙasa ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a. Waɗanda suka zargi mai hoto sun bar jaki suna dukan taiki.

Duk wanda neman abinci ya kai shi Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san cewa baƙo yakan ga abin da idon ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani, ya kuma san yadda akan ce masa ya kama bakinsa tun da ba garinsu ba ne. Alhali kuwa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Cikin 2009 babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa da ke Washington ya shirya nuni na musamman don cikar littafin shekara 50, Frank kuwa ya rasu cikin 2019. Ƙasar da ta tsare shi a Arkansas ita ce ta koma tana alfahari da aikinsa. Ya kamata kowace hukuma ta riƙa sauraron shaidar baƙo tun abin da ya gani yana gyaruwa, kada ta jira sai bayan shekara hamsin.