Wa Zai Shayar da Itatuwan da Muka Dasa?

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A daminar bara an yi bikin dashen itatuwa a nan jami'armu. Aka kafa rumfa, manya suka yi jawabi, kowa ya riƙe shebur aka ɗauki hoto, mu kuma muka tafa har hannu ya yi zafi. Da bazara ta kai tsakiya na bi ta wurin, na tarar waɗanda suka rayu ba su kai yatsun hannuna ba. Wasu ƙishirwa ta kashe su, wasu awaki suka cinye, sauran kuwa gobarar masu farautar gafiya ce ta lashe su da hunturu. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin ni ma ina cikin masu tafin, kuma ban sake waiwayar nawa dashen ba.

Duk lokacin da aka ta da zancen kiyaye muhallin jami'a, sai mu miƙa wa hukuma. Gaskiya ne akwai ayyukan da suka fi ƙarfin ɗalibi. Tashar lantarki mai amfani da hasken rana da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019 aikin gwamnati ne, ba mai iya yin irinta da kuɗin guzuri. Amma itacen da ke ƙofar ɗakin kwananmu bokiti yake bukata, kuma ba wanda ya hana mu ɗauka.

A ƙasarmu ana dashe ne a watan Yuli ko Agusta, ruwa kuwa yakan ɗauke wajen Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Ke nan ɗan itacen da saiwarsa ba ta gama kama ƙasa ba zai yi kimanin wata bakwai yana fama da iskar hunturu da ranar bazara. In ya tsallake rani biyu da taimako, galibi ya tsira. Wannan tsakanin shi ne ba mai shi: wanda ya sayo dashen ya gama nasa, lebura ɗaya kuma ba zai iya zagaya ɗaruruwan ramuka ba. Mu ne muke da yawa, mu ne kuma muke wucewa ta wurin safe da yamma.

Za a ce ina ruwan, alhali na wanka ma sai an yi layi tun asuba? Tambaya ce mai kyau. Je ka tsaya a bayan masallacin kowane ɗakin kwana lokacin azahar, ka ga yawan ruwan alwala da ke malala cikin kwata, ya taru ya zama gidan sauro. Ruwa ne da ba sabulu a cikinsa, yana zuba sau biyar kullum, rani da damina. Bututu guda da ganga biyu sun isa a tare shi. Akwai kuma dabarar da manoma suka daɗe da sani: a binne tulu kusa da dashen, a cika shi, a rufe bakinsa, ruwa ya riƙa tsatsafowa sannu a hankali zuwa saiwa ba tare da rana ta shanye shi ba. Ɗaliban aikin injiniya da ke neman abin da za su yi aikin ƙarshe a kansa, ga shi nan a bayan tagarsu.

Sa'an nan mu dubi abin da ya faru a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wurin Hausawa 'yan'uwanmu. Bayan farin 1973 an yi ta dashe a can, akasari yana mutuwa. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirrai da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, tohon kututturen tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, suna datse saura, suna kare su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. Filayen jami'armu ma cike suke da irin wannan toho na gawo da kalgo da aduwa da magarya, muna kiransu daji muna sa musu adda. Ɗaliban aikin gona za su iya zagayawa su sa musu alama kafin a yi sharar kaka.

Game da abin da za a dasa, ba na raina darbejiya, wadda aka kawo mana daga Indiya, domin inuwarta ta rufa wa garuruwanmu asiri. Amma me ya sa kullum ita kaɗai, ko turare mai shan ruwa kamar raƙumi? Ina tsamiya da ɗorawa da maɗaci da kanya?

Babbar matsala ita ce hutu da yajin aiki. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma itace ba ya zuwa hutu. A nan ne Ƙungiyar Ɗalibai take da aiki. Daga kuɗin da muke biya kowace shekara, abin da ake kashewa a daren liyafa guda zai sayi ganguna da waya ta shinge, har a sami na sallamar masu gadi da leburorin da za su riƙe mana shayarwa in mun tafi. Ɗaliban da gidajensu ke cikin gari su riƙa leƙowa. Yayyenmu da suka gama suka kama aiki a ma'aikatun gandun daji da na gona, su taimaka mana da dashe daga wuraren renonsu, ai sun san hanya.

Shawarata ga Majalisar Wakilan Ɗalibai ita ce, kada a sake kafa rumfar dashe sai an rubuta sunan wanda zai shayar da kowane itace. A raba su ɗaki-ɗaki, a ɗaura wa kowanne lambar ɗakin da ke renonsa, wanda ya gama karatu ya miƙa wa wanda ya gaji gadonsa kamar yadda ake miƙa mabuɗi. Ƙirga kuwa a yi ta a watan Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, a buga sakamakon kowane ɗakin kwana a wannan mujalla.