Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada Mu Yanka Fijo Don Kilo

Jama'a, akwai wata ɓarna da ake tafkawa a gabanmu kullum, mun kuwa zuba ido kamar ba kome ba. Tsofaffin motocin da suka yi wa ƙasar nan bauta, irin su Peugeot 404 da 504, waɗanda muka fi sani da Fijo, da Volkswagen mai siffar kunkuru da Yarbawa ke kira ijapa, ana ta kwantar da su ana yankawa da wutar walda, a ɗora a sikeli, a sayar wa masu narka ƙarfe. Da yake 'yan'uwanmu da yawa a nan Kudu sana'ar gwangwan suke yi, wasu kuwa direbobi ne ko makanikai, maganar tamu ce. Ra'ayina shi ne, tsohuwar motar da ke da sauran rai dukiya ce, kuma wanda ya yanka ta ya sayar da saniya a kuɗin fata.

A ƙasashen Turai akwai mutanen da aikinsu na sha'awa shi ne kiwon tsohuwar mota, kamar yadda wani ke kiwon doki. Ƙungiyarsu ta duniya, FIVA, wadda aka kafa cikin 1966, ta ce motar da ta kai shekara 30 aka kuma adana ta yadda aka ƙera ta, ta zama motar tarihi. A Ingila, idan mota ta cika shekara 40 ana iya ɗauke mata harajin hanya. Can ne kuma kowane watan Nuwamba ake jera motocin da aka ƙera kafin 1905, su tashi daga London zuwa Brighton. A Italiya akwai Mille Miglia, watau mil dubu, tseren da aka yi daga 1927 zuwa 1957, aka kuma farfaɗo da shi cikin 1977 domin tsofaffin motoci kaɗai, daga Brescia zuwa Rum da komowa.

Kada wani ya ce wannan wasan Turawa ne, babu ruwanmu. A nan Afirka aka gwada ƙarfin motocin nan. Tseren Safari na Afirka ta Gabas, wanda aka soma cikin 1953, akan yi shi ne a lokacin ruwa, cikin taɓo da duwatsu, tafiyar wajen mil 3,000. Cikin 1963 motoci 84 suka tashi, bakwai tak suka kai, kuma Peugeot 404 ce a gaba. Ta sake cinyewa cikin 1966 da 1967 da 1968. Cikin 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci da 504, sa'an nan cikin 1978 Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya ci da 504 mai ƙofa biyu da injin silinda shida. Joginder Singh na Kenya kuwa, da Volvo ta hannu ya ci tseren 1965, bayan shi da ɗan'uwansa sun gyara ta. Tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya ƙare cikin Janairun 1979, ta Agadas ya ratsa. A gida kuma, manya sun tuna da tseren motoci da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu.

To, ita 504 ɗin da ta ci Safari, ƙanwarta ce aka riƙa harhaɗawa a Kakuri cikin Kaduna tun daga 1975. Faransa ta daina ƙera ta cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba har shekarun 2000. Ita ce motar gwamna, ita ce ta alƙali, ita ce kuma mai dogon baya da ta kawo iyayenmu da yawa daga Kano da Sakkwato zuwa Ikko da Badun. Mutanen Kenya sun gane darajar nasu, shi ya sa cikin 2003 suka buɗe tseren Safari na tsofaffin motoci, inda masu Datsun 240Z da Porsche 911 ke zuwa daga ƙasashe da kuɗinsu. Masu tseren Dakar ma sun ƙara sashen tsofaffin motoci cikin 2021. Mu kuwa da muka ƙera tamu a gida, sikeli muke kai ta.

Na san abin da mai karatu zai ce. Zai ce, malam, mutane na fama da abin sa wa a baka, tun da aka janye tallafin mai cikin Mayun 2023 ko sabuwar mota ajiye ta ake yi, kai kuma kana zancen shafa wa tsohuwa fenti? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba na cewa mai iyali ya hana 'ya'yansa tuwo don ya sayi kafireto. Amma a duba inda kuɗin mai sha'awar ke zuwa. Wanda ya sayi sabuwar mota ta miliyoyi, kuɗinsa ƙetare ya tafi. Wanda ya tayar da tsohuwa kuwa, makanike zai ci, mai bugun bodi zai ci, da mai fenti, da mai haɗa waya, da mai ɗinkin kujera, da ɗan kasuwar Ladipo ko Agodi Gate, har da na Panteka da Ƙofar Ruwa. Duk wannan kuɗi cikin unguwa yake zagayawa.

Bugu da ƙari, akwai ilmin da ke shirin bin masu shi kabari. Tsohon makanike yakan kasa kunne ya gane ciwon inji, ya daidaita kafireto da hannu, ya saita wuta ba tare da na'ura ba. Motar yanzu sai an jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta, sau da yawa kuma maganin shi ne a cire kaya a sa sabo. Yaron da ya kwance injin 504 ya mayar da hannunsa ya san yadda mota ke aiki tun daga tushe. Idan motocin suka ƙare, a kan me za a koya masa?

Saboda haka ga shawara. Ɗan'uwa mai sana'ar gwangwan, kafin ka sa wuta, duba abu uku: ko ƙashin motar bai ruɓe ba, ko injin yana juyawa, ko kuma takardunta na nan, domin motar da ba ta da takarda tana iya kai mutum ofishin 'yan sanda. In ta cika waɗannan, nemi mai saye tukuna. In kuwa ta mutu murus, cire fitilu, da gilasai, da sitiyari, da agogon gaba, da tambarin zaki, ka ajiye. Irin waɗannan ƙananan kaya su ne mai gyara ke yawo nema, kuma a sikeli nauyinsu bai taka kara ya karya ba.

Kai kuma da Allah ya hore maka ka ajiye ɗaya, sani cewa zama ne ke kashe mota. Babban abokin gabarta a nan bakin teku shi ne tsatsa, don iskar Ikko da Fatakwal tana ɗauke da gishiri da laima. A ajiye ta a ƙarƙashin rumfa, a wanke ƙarƙashinta bayan ruwa, a duba ko ruwa na kwanciya a ƙasan ƙofofi da but. A tashe ta a zaga da ita ko sau ɗaya a mako har inji ya yi zafi. A sauya baƙin mai ko da ba ta yi tafiya ba, a sauya man birki domin yana shan laima, a kula da lagireto da robobinsa. Taya kuma tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai batun tsere, inda ya kamata mu yi hattara. Abin da nake kira gare shi ba shi ne wasan mota da samari ke yi a wajen biki ba, wanda ya sha jawo asarar rayuka. Yawancin tseren tsofaffin motoci ba na gudu ba ne. Akan ba kowace mota hanya da lokaci, a ce ka isa wuri kaza cikin minti kaza. Wanda ya riga lokaci an ci shi tara, wanda ya makara haka nan. Direba na tuƙi, na kusa da shi na riƙe da agogo da takardar hanya. Gwanin shi ne mai natsuwa da motar da ba ta tsaya ba. Irin wannan ana iya shirya shi daga Ikko zuwa Badun ko Abekuta, da izinin hukuma, da rakiyar jami'an kiyaye haɗurra, a binciki birki da taya kafin a tashi. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da shugabannin direbobinmu suna da bakin da za su tara masu irin waɗannan motoci, su kuma jawo 'yan'uwanmu Yarbawa da Ibo masu wannan sha'awa.

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Onikan ya ga Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, ya san mota tana ba da labarin da takarda ba ta iyawa. Da an kai ta sikeli, da yau sai dai a ce wai. Haka nan jikokinmu za su so ganin motar da aka ƙera a Kaduna da hannun kakanninsu, su ji ƙarar injinta a kan titi. Waɗanda suka rage ba su da yawa, kuma wadda aka narka ba ta dawowa. Allah ya sa mu gane, ya kuma kiyaye mu a kan hanya, amin.