Wa Ya Hana Talaka Ganin Duniya?

Akwai wani malamin makaranta maƙwabcina a nan Mabera wanda ya yi shekara uku yana zubin adashi, wai yana so ya je ƙasar Luksamburg ya yi kwana bakwai ya ba idonsa abinci. Mutanen unguwa suna ta yi masa dariya. Wani dattijo ma ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, mi za ka yi can, kai da ba ka ko ga Legas ba?" To, mu ba mu ga abin dariya ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ba a ce sai ɗan sarki ko ɗan minista kaɗai zai riƙe mabuɗin ba.

Malamin nan ba wawa ba ne. Ya zaɓi ƙasar ne da lissafi. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana maƙale tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam, tsawonta duka kilomita 82, kamar mutum ya tashi daga Sakkwato ya nufi Illela. Tun shekarar 2020 gwamnatinsu ta soke kuɗin shiga bas da jirgin ƙasa a ƙasar baki ɗaya, ɗan gida da baƙo duk ɗaya, in ban da mai son kujerar manya. Ke nan yana iya zaga ƙasar kaf bai biya ko kwabo ba. Ya ga tsohon birninsu da ramukan da aka haƙa cikin dutse don yaƙi, ya leƙa ƙauyen Shengen inda aka sa hannu a 1985 kan yarjejeniyar buɗe iyakoki. Kwana kuwa, gidan kwanan matasa zai sauka, inda ake haɗa mutum huɗu ko shida ɗaki guda. Guzurinsa garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Na dai gargaɗe shi ya bar kilishi a gida, don dokar Turai ta hana matafiyi shiga da nama.

Ashe tsadar ba can take ba. Tana nan gida.

Jama'a, ku taya mu lissafi. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 50,000 a Satumba 2024, shekara na zagayowa aka ninka shi ya zama naira 100,000. Mafi ƙanƙancin albashi kuwa, wanda aka yanke a Yuli 2024, naira 70,000 ne. Watau leburan gwamnati ya yi aikin wata guda cur, bai ci ba bai sha ba, kuɗin bai isa ya sayi ɗan littafin da zai nuna shi ɗan ƙasa ne ba. Sannan ga biza. Turawa sun ɗaga kuɗinta daga yuro 80 zuwa 90 a Yuni 2024, kuma in sun hana ka ba su mayar maka da ko sisi. A shekarar 2024 kusan rabin 'yan Nijeriya da suka nema an hana su. Wannan zalunci ne, mun faɗa, ba mu tsoron kowa. Amma wa ya sa yuro 90 ta zama dutse a kan talaka? A farkon 2023 yuro ɗaya wajen naira 500 take a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin 2024 ta ƙare yuro ta haura naira 1,600. Adashin malam yana nan yadda ya tara shi, amma gara ta cinye kashi biyu cikin uku. Ba Bature ya yi masa wannan ba.

Su kuwa masu mulki ba su san wannan lissafi ba. Taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023, sunaye 1,411 aka rubuta daga Nijeriya. Da surutu ya yi yawa sai gwamnati ta fito tana kare kanta, wai mutum 422 kacal ta biya wa. Kacal! Daga baya, a 2024, aka ce an hana jami'ai fita waje da kuɗin hukuma har wata uku. Wata uku suka wuce.

Muna tambaya, duk yawon nan da suke yi da kuɗinmu, me suka gano suka kawo? Sun shiga bas ɗin kyauta a Turai, sun ga magudanun ruwa, sun dawo suka janye tallafin mai a Mayu 2023, har kuɗin Keke Napep daga Mabera zuwa babbar kasuwa ya zama abin shawara tsakanin miji da mata. Damina kuwa kowa ya san yadda mutanen Mabera suka sha naɗe wando.

Shawararmu ga malam ita ce kada ya fasa. Kada ya biya kuɗin jirgi sai biza ta fito, ya guji watannin Yuli da Agusta lokacin da farashi ke hawa, ya sauka Burasels ya kama jirgin ƙasa, tafiyar wajen awa uku ce. In ya dawo lafiya za mu ba shi fili a wannan jarida ya gaya wa talakawa abin da ya gani, da nawa ya kashe, dalla-dalla. Muna kuma ƙalubalantar kowane ɗaya daga cikin 422 ɗin nan ya kawo mana nasa lissafin, za mu buga su gefe da gefe.