Ɗan Majalisar Da Aka Kira Ɗan Gurguzu

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan taɓa siyasa.

A zamanin NEPU, idan ana son a kashe wa mutum kasuwa a Arewa, sai a ce ɗan gurguzu ne, ba ya ganin girman sarakuna, ba ruwansa da addini. Da wannan sandar aka daɗe ana dukan Malam Aminu Kano, mutumin da ke zama ya yi tafsirin Alƙur'ani. Laifinsa kawai ya ce talaka ma mutum ne, a daina sa shi aikin tilas, a bar mata su yi ilmi su jefa ƙuri'a.

Malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi da Maru kafin ya rungumi NEPU, wadda aka kafa a 1950. Ya sha kaye a zaɓe, magoya bayansa sun sha ɗauri, sai a 1959 ya shiga Majalisar Wakilai ta Ikko daga Kano ta Gabas. Ya yi kwamishinan tarayya a mulkin Gowon, ya nemi shugabancin ƙasa a PRP a 1979. Da ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja bai fi na maƙwabtansa ba.

Mu mutanen Daura muna da shaida. A 1979 muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, PRP ta ba mu Gwamna Balarabe Musa, wanda bai taɓa ɓoye ra'ayinsa na gurguzu ba. Shi ya soke haraji da jangali. Ku tambayi dattawan Zango da Mai'aduwa abin da ake yi wa magidancin da ya kasa biyan haraji. 'Yan majalisar NPN kuwa suka hana shi naɗa kwamishinoni, suka tsige shi a 1981.

To ni a ganina, sunan da aka laƙa wa ɗan siyasa ba shi ne abin dubawa ba. Abin tambaya biyu ne: me ya sauke wa talaka daga ka, kuma da me ya koma gida? Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku auna shi da wannan mudun. Mu marubuta ma ya kamata mu rage cika littattafanmu da Alhazai masu jerin motoci, mu nuna wa yara irin wannan gwarzo.

Allah ya jiƙan Malam. Sai mun haɗu a ci gaban labari.