Tsadar gwajin dabbobi: Wa ke cin riba a Birtaniya?

A Birtaniya, inda gidaje kimanin miliyan 16 ke ajiye kare ko kyanwa ko wata dabbar sha'awa, kuɗin asibitin dabbobi ya zama batun da ya kai har gaban hukuma.

A watan Satumban 2023 ne hukumar sa ido kan gasa a kasuwannin ƙasar, wato CMA, ta fara duba lamarin, kuma mutane kusan 56,000 suka aika mata da bayanai. A watan Mayun 2024 ta mayar da shi cikakken bincike.

Rahoton wucin gadi da ta fitar a watan Oktoban 2025 ya nuna cewa farashi ya tashi da kashi 63 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2023, abin da ya zarce hauhawar farashin sauran kayayyaki nesa ba kusa ba.

Majiyyacin da ba ya magana

Wani ɓangare na wannan tsada yana da dalilin da ba a musunsa. Dabba ba ta iya faɗin inda ke yi mata ciwo, don haka likita kan dogara ne ga gwajin jini da na fitsari da kuma hoton cikin jiki.

Cutar ƙoda, alal misali, ta yawaita a tsakanin tsofaffin kyanwoyi, kuma takan yi nisa kafin mai dabbar ya ga alama. Gwajin jini ne ke tona ta da wuri.

Haka kuma na'urorin ɗaukar hoto irin su CT da MRI, waɗanda a da sai a manyan asibitocin mutane ake ganinsu, yanzu sun shiga asibitocin dabbobi. Mutum ana ce masa ya kwanta kada ya motsa, amma kare sai an yi masa allurar barci, a kuma sa ma'aikaci ya tsare numfashinsa har a gama. Kowane mataki da kuɗinsa.

Ga shi kuma dabbobi ba su da tsarin kiwon lafiya na kyauta irin wanda jama'ar Birtaniya suka saba da shi. Wanda bai yi wa dabbarsa inshora ba, daga aljihunsa zai biya.

Asibiti da ɗakin gwaji a hannu ɗaya

Sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Tun daga 1999 aka ba waɗanda ba likitocin dabbobi ba damar mallakar irin waɗannan asibitoci. A 2013 kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke hannun manyan kamfanoni, amma zuwa 2024 kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60.

Da dama daga cikinsu sun kuma mallaki ɗakunan gwaje-gwaje da cibiyoyin ƙwararru da ake tura dabbobi domin ɗaukar hoto. Kamfanin Mars na Amurka, mai yin alewar cakulan da abincin dabbobi na Pedigree da Whiskas, ya sayi asibitocin VCA tare da ɗakunan gwajinsu na Antech a 2017 a kan dala biliyan 9.1, sannan a 2018 ya sayi rukunin Linnaeus na Birtaniya.

Tambayar ita ce, idan mai ba da shawarar gwaji da mai yin gwajin duk 'yan gida ɗaya ne, ta yaya mai dabba zai san ko gwajin ya zama dole, ko kuma akwai mai rahusa a wani wuri? Yawancin asibitocin da aka saye ba su sauya suna ba, don haka mutane da yawa ba su ma san wanda ya mallake su ba.

Likitocin dai na cewa ba su ne ke tsayar da farashi ba, kuma masu dabbobin ne da kansu ke neman kulawa irin ta mutane.

Shawarwarin da CMA ta gabatar a 2025 sun haɗa da tilasta wa asibitoci wallafa farashinsu, da bayyana kamfanin da ya mallake su, da ba da ƙiyasi a rubuce idan aiki zai wuce fam 500. Ta kuma nemi a sabunta dokar likitocin dabbobi ta 1966, wadda ta ɗaure likita amma ta bar kamfanin da yake yi wa aiki.

Wallafa farashi zai taimaka wa mai zuwa rigakafi. Amma wanda ya kawo dabba rai a hannun Allah da tsakar dare ba shi da lokacin zagaya asibitoci yana taya farashi, abin da likita ya ce shi zai bi. Saboda haka gyaran da zai yi tasiri shi ne wanda zai tabbatar cewa larurar dabbar ce ke sa a rubuta gwaji, ba bukatar kamfani ta mayar da kuɗin na'ura ba.