Farar Tsatsa A Murfin Injin Mota

Yawancin motocin da ke yawo a Birkitiri tsofaffi ne daga Turai, ta tashar Duwala suka shigo, bayan sun sha gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi. Wasunsu, irin su Peugeot 307, murfin injinsu na alminiyam ne. Ɗora masa mayen ƙarfe: in bai kama ba, to shi ne.

Alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Fenti ne ke kumbura a bakin murfin, ƙarƙashinsa farin gari. Damina biyu ta Yawunde kuwa ba ta ɗaga masa ƙafa.

Inda ake asarar kuɗi shi ne wurin mai gyara. Idan ya goge da buroshin ƙarfe, ko samfefar da ta taɓa ƙarfe, ɓurɓushin zai nutse cikin alminiyam, ruwa ya shiga tsakaninsu, kumburin ya dawo. Ka tsaya a kansa: sabuwar samfefa, a kankare har ya yi ƙyalli, a shafa fentin farko na alminiyam nan take, sannan launi.

Mai niyyar sayarwa kuma, ya nuna wa mai saye wurin kafin a yi ciniki.